Kai Mai Haƙora: Abin Da Ke Tsayar Da Kyamara Daidai Wajen Ɗaukar Hoton Duwatsu Da Dazuzzuka

Galibin masu sha'awar sana'ar ɗaukar hoto, idan suka tashi sayen kayan aiki, hankalinsu yakan tafi ne ga kyamara da gilashinta. Sukan tambayi sunan kamfanin da ya ƙera ta, da yawan ɗigon da hotonta ke ɗauke da shi, da kuma nisan da gilashin ke iya jawowa. Kaɗan ne daga cikinsu ke tsayawa su yi tambaya a kan abin da za a ɗora kyamarar bisansa. Amma kuwa ga wanda aikinsa shi ne ɗaukar hoton shimfiɗar ƙasa, watau duwatsu da koguna da dazuzzuka da gonaki, wannan abin da ake rainawa shi ne sau da yawa ke raba hoton da za a rataye a bango da wanda za a share tun kafin a dawo gida.

Abin da ake ɗora kyamara a kai shi ne mazauni mai ƙafa uku, wanda masu sana'ar ke kira tiraifod. Hikimarsa ɗaya ce da ta duwatsun murhu: abu mai ƙafa uku yakan zauna daram ko da ƙasa ba ta miƙe ba. Shi mazaunin nan kashi biyu ne, da ƙafafu da kai. Ƙafafu su ke ɗaukar nauyi, kai kuwa shi ke juya kyamara ya fuskantar da ita inda ake so. Tun da daɗewa maƙera suka daidaita a kan ƙusa mai zare ta inci 3/8 domin haɗa kai da ƙafafu, da kuma ta inci 1/4 domin haɗa kyamara da kai. Saboda haka mutum na iya sayen ƙafafu daga wani kamfani, ya sayi kai daga wani, su haɗu lafiya lau.

IRI UKU NA KAI

Kan da ya fi yawa a hannun jama'a shi ne mai ƙwallo. Wani dunƙulen ƙarfe ne zaune cikin gurbi, idan aka sassauta makullinsa sai kyamara ta juya ko ta ina, idan aka ɗaure ta tsaya. Ba shi da nauyi, kuma yana da saurin aiki. Aibinsa biyu ne. Na farko, da zarar an sassauta shi duk sassa sun saku a lokaci guda, wanda ya so ya ɗaga bakin kyamara kaɗan sai ya tarar ta karkace gefe, ta kuma goce dama ko hagu. Na biyu, idan gilashin na da tsawo da nauyi, bayan an ɗaure an saki hannu, bakin kyamarar yakan ɗan sunkuya ƙasa. Mai hoto ya sake kwancewa, ya ɗaga fiye da yadda yake so domin idan ta sunkuya ta faɗa daidai, aikin ya zama na canki-canki.

Na biyu shi ne kai mai hannu uku, wanda kowane hannu ke kula da motsi ɗaya. Ya fi mai ƙwallo tsari, amma shi ma sai an kwance, an tura da hannu, sa'an nan a ɗaure, kuma wajen ɗaurewar ne kyamara kan motsa.

Na uku shi ne kai mai haƙora, watau mai giya irin ta inji. Shi ma motsinsa uku ne: juyawa dama da hagu, ɗagawa sama da sunkuyarwa ƙasa, da kuma karkatawa gefe. Kowane motsi da mamurɗinsa. Abin da ya raba shi da sauran shi ne ba a kwance shi, ba a kuma ɗaure shi. Ana murɗawa kyamara na tafiya sannu a hankali, ana cire hannu ta tsaya cak a inda take. Masu shirya finafinan silima sun daɗe suna aiki da manyan irinsa masu sitiyari biyu, waɗanda kamfanoni irin su Panavision da Arri ke ƙerawa, domin su juya kyamara mai nauyi ba tare da girgiza ba.

YADDA YAKE AIKI

Sirrin wannan kai ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa riƙe sufanar nan ta makanikai da ake buɗa bakinta a kuma tsuke shi da babban yatsa. A cikinta akwai wani guntun ƙarfe mai zare da ke cizon haƙoran muƙamuƙin sufanar. Yatsa na iya juya zaren ya tura muƙamuƙi, amma duk yadda noti ya danno muƙamuƙin ba zai iya juya zaren ba. Haka abin yake a cikin kai mai haƙora. Kowane mamurɗi na haɗe da ƙusa mai zare, ita kuma tana cizon wani faifai mai haƙora da ke riƙe da kyamara. Zare na juya faifai, faifai ba ya juya zare. Wannan ne ya sa nauyin gilashi ba ya iya jan kyamara ƙasa, kuma ba a bukatar makulli.

Har wa yau, zaren na rage tafiya ƙwarai. A irin da ya fi yaɗuwa, cikakken juyi ɗaya na mamurɗi ba ya kai kyamara digiri 10. Ke nan idan aka ɗan taɓa shi da yatsu biyu, motsin da za a samu bai kai digiri ɗaya ba. Domin kada mutum ya yini yana murɗi, maƙera sun sa wata ƙawanya ko ɗan hannu kusa da kowane mamurɗi, wanda idan aka riƙe shi haƙoran kan saki, a juya kyamara da sauri zuwa kusa da inda ake so, a saki haƙora su sake cizo, sa'an nan a ƙarasa da murɗi.

LISSAFI A GABAN DUTSEN ZUMA

Mai karatu na iya tambaya ko rabin digiri har wani abu ne da za a damu da shi. Lissafi zai ba da amsa. A ɗauki misalin Dutsen Zuma da ke Jihar Neja, a gefen hanyar Abuja zuwa Kaduna, wanda aka sa hotonsa a bayan takardar Naira 100 da aka fitar a 1999. Dutsen ya tashi kimanin mita 300 daga ƙasar da ke kewaye da shi. A ce mai hoto ya tsaya a nisan kilomita 3, da kyamara mai faifan ɗaukar haske na milimita 36 da 24, ya ɗaura mata gilashi na milimita 200. Abin da zai shiga hotonsa a wannan nisa shi ne faɗin mita 540 da tsayin mita 360. Idan dutse ya cinye mita 300 na tsayin, saura mita 60 kacal da za a raba tsakanin sararin sama a bisa da itatuwa a ƙasa.

To, a nisan kilomita 3, sunkuyawar rabin digiri na daidai da mita 26. Watau idan kai mai ƙwallo ya ɗan duƙa da abin da ido ba zai ma lura da shi a jikin kyamara ba, kusan rabin wannan sarari ya tafi, ƙila ma a aske wa dutsen kai. Da gilashi mai faɗin gani na milimita 24, wanda ke kwasar kimanin digiri 74 daga dama zuwa hagu, wannan kuskure ba zai dami kowa ba. Amma gilashin milimita 200 digiri 10 kawai yake gani a kwance, da kusan 7 a tsaye. Gwargwadon tsawon gilashi, gwargwadon yadda ƙaramin motsi ke zama babban ɓarna.

Akwai kuma batun karkacewar layin da sama ta haɗu da ƙasa. Hoton tafki ko fili da ya karkace yakan sa mai kallo ya ji kamar ruwan zai tsiyaye ta gefe. Gaskiya ne ana iya miƙe shi a kwamfuta, amma ba kyauta ba. Hoto mai ɗigo 6,000 a kwance da 4,000 a tsaye, idan ya karkace da digiri ɗaya, gefe ɗaya zai fi ɗayan tudu da ɗigo 105. Wajen miƙe shi dole a yanke gefunansa, a yi asarar kimanin kashi 5 cikin 100 na hoton. Idan karkacewar ta kai digiri biyu, asarar ta kusa kashi 10. Abin takaici kuma shi ne, abin da ake yankewa yana bakin hoto ne, inda mai hoto ya sha wahalar shigo da wani reshe ko wata hanya.

YADDA AKE AIKI DA SHI

Ƙwararru sukan fara ne da kyamara a hannu. Mutum ya zaga wurin, ya tsuguna, ya miƙe, ya matsa gaba, ya ja da baya, har ya ga inda hoto yake. Sai bayan nan ake kafa ƙafafu, domin wanda ya fara kafa su kafin ya duba yakan zama bawan wurin da ya kafa. Wajen buɗe ƙafafu, a fara da sassa masu kauri, a danna su su kama ƙasa sosai, kuma a guji ɗaga sandar tsakiya sai in ya zama dole, domin tana mayar da ƙafa uku tamkar ƙafa ɗaya idan iska ta taso.

Daga nan sai a daidaita ƙafafun da ɗan ma'aunin ruwa mai kumfa, irin na magina, wanda akan samu a jikin mazaunin. Wannan mataki na da muhimmanci, domin a yawancin kawuna masu haƙora, faifan juyawa dama da hagu shi ne a can ƙasa. Idan gindi ya karkace, duk lokacin da aka juya kyamara layin sama zai riƙa hawa ko gangara.

Bayan an ɗaura kyamara an tabbata ta kama, sai a saki haƙora a kai ta kusa da inda ake so. Sa'an nan a bi mamurɗan ɗaya bayan ɗaya: a fara da na gefe har layin sama ya miƙe, a bi da na sama da ƙasa, a ƙare da na dama da hagu. Tun da yake gyaran ɗaya ba ya ɓata ɗaya, mai hoto na da sukunin bin gefuna huɗu na hotonsa da ido. Ko akwai wayar lantarki da ta leƙo ta sama? Ko an yanke bishiya a tsaka? Ko wata leda ta maƙale a ƙaya a can kusurwa? Murɗi kaɗan ya isa ya fitar da abu ko ya shigo da shi. Yawancin waɗanda suka saba da wannan kai sukan ce babbar ribarsa ita ce yadda yake koya wa mutum duban gefen hoto.

Idan an gama, kada a danna maɓallin ɗauka da yatsa kai tsaye. A sa agogon kyamara na daƙiƙa biyu, ko a yi amfani da waya ko na'urar dannawa daga nesa, domin girgizar hannu ta lafa.

Wannan tsari na da amfani na musamman ga mai son haɗa hotuna da yawa su zama ɗaya mai faɗi, kamar na jerin duwatsun Filato ko na birnin Kano daga kan Dala. Akan ɗauki hoto, a murɗa zuwa dama yadda sabon zai hau kan kimanin sulusin na baya, a sake ɗauka, har a kai ƙarshe. Idan gindi ya daidaita, kwamfuta za ta ɗinke su ba tare da an yi asarar sama da ƙasa ba.

HASKE BA YA JIRA

Wani zai ce duk wannan ɓata lokaci ne, alhali hasken da ake nema, na fitowar rana da na la'asar sakaliya, ba ya daɗewa. Maganarsa na da ƙamshin gaskiya. Duniya na juya digiri 15 a kowace sa'a, faɗin rana a ido kuwa kimanin rabin digiri ne, saboda haka cikin minti biyu rana kan matsa da faɗin kanta. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya rana na faɗuwa ne kusan a tsaye. A Kano, hasken da ke saura bayan faɗuwarta bai fi minti 20 zuwa 25 ba, alhali a Landan yakan wuce minti 40 a watan Yuni.

Labarin Ansel Adams, shahararren mai ɗaukar hoton nan na Amurka da ya rayu daga 1902 zuwa 1984, ya isa misali. Ranar 1 ga Nuwamba, 1941, yana tafe a mota a Jihar New Mexico da yamma, sai ya hango wata ya fito bisa ƙauyen Hernandez, hasken rana na ƙarshe na dukan fararen alamun maƙabarta. Ya tsaya ya kafa ƙatuwar kyamararsa mai fim na inci 8 da 10, ya nemi ma'aunin haskensa ya rasa, ya yi lissafi da ka bisa sanin da ya yi wa hasken wata, ya ɗauki hoto ɗaya. Kafin ya juya fim ya ɗauki na biyu, haske ya bar wurin. Wannan hoto guda yana cikin waɗanda suka fi shahara a tarihin sana'ar.

Irin wannan gamo da katar ba kullum ake samunsa ba, kuma ba don shi aka yi kai mai haƙora ba. An yi shi ne domin wanda ke isa wuri tun da sauran rana, ya gama tsara hotonsa a natse, ya zauna jira. Idan haske ya zo, babu abin da ya rage masa sai dannawa, kuma yana da tabbacin kyamara na nan inda ya bar ta ko da an yi sa'a guda. Mai haƙuri, in ji Hausawa, yakan dafa dutse har ya sha romonsa.

NAUYI, TSADA DA ƘURA

Kowane allazi da nasa amanu. Kan da ya fi yin suna a wannan fanni shi ne Manfrotto 410, na kamfanin Italiya da Lino Manfrotto ya kafa a garin Bassano del Grappa, wanda ya fitar da mazauninsa na farko a 1974. Nauyin wannan kai kimanin kilo 1.2 ne, kuma an ƙera shi ya ɗauki kilo 5. Yayansa, Manfrotto 405, ya kai kilo 1.6, yana ɗaukar kilo 7.5. Wanda zai hau dutse da ƙafa zai ji wannan nauyi a kafaɗarsa. Kamfanin Arca-Swiss na ƙera wani mai suna C1 Cube da kuma D4, waɗanda suka fi ƙanƙanta da kyawun aiki, amma kuɗinsu ya ninka na 410 sau da dama. Kamfanonin Sin irin su Benro da Leofoto da Sunwayfoto su ma sun shigo da nasu masu sauƙin nauyi da rangwamen farashi.

Kafin a saya, ya kamata a auna kyamara tare da gilashinta mafi nauyi, a nemi kan da ƙarfinsa ya zarce wannan da rata mai kyau. A duba kuma irin farantin da ake ɗaura wa gindin kyamara, domin na Manfrotto 410 dabam yake da irin na Arca-Swiss da yawancin kamfanoni ke bi. Idan na hannu ne, a ɗora masa kyamara a girgiza a hankali, in an ji lako-lako to haƙora sun ci, ko suna bukatar gyara. Wanda kuma aikinsa ɗaukar hawan Sallah ne, ko tsuntsaye, ko wasan ƙwallo, kada ya ɓata kuɗinsa, domin kafin ya murɗa sau biyu doki ya wuce.

Babban abokin gaban wannan kai a ƙasashen Sahel shi ne ƙura. Haƙoran na aiki ne da man girisi, shi kuwa girisi idan ya haɗu da yashi sai ya zama tamkar magagari yana cin ƙarfe. A lokacin hunturu, lalle ne a riƙa rufe kai da jaka ko ƙyalle duk sa'ad da ba a aiki da shi, a share shi da buroshi mai laushi bayan an dawo. Kada a ɗiga masa baƙin mai, kada kuma a tilasta mamurɗi idan ya cije. Haka nan wajen sakin haƙora, a riƙe kyamara da ɗaya hannun, domin a wannan lokaci ne kawai take iya kifewa.

HOTO A MATSAYIN SHAIDA

Amfanin daidaito bai tsaya ga ƙawa ba. A 1871 William Henry Jackson ya bi ayarin masu binciken ƙasa zuwa yankin Yellowstone na Amurka, da faifan gilashi a bayan alfadarai, kuma hotunansa na cikin abubuwan da suka taimaka aka keɓe wurin ya zama gandun ƙasa a 1872. Bayan fiye da shekara 100, a 1977, Mark Klett da abokan aikinsa suka fara bin sawun Jackson da Timothy O'Sullivan, suna neman daidai inda kowannensu ya kafa mazauninsa, suna sake ɗaukar hoton yadda gefe zai hau kan gefe. An buga sakamakon a 1984 cikin littafin Second View. Idan aka ajiye tsoho da sabo kusa da juna, kowa na iya ganin inda daji ya ragu, inda gari ya taso, da inda ruwa ya janye.

Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai an iya matsar da kyamara da ƙanƙanin motsi har dutsen da ke sabon hoto ya zauna daidai inda yake a tsohon, kuma a nan ne kai mai haƙora ya fi sauran. Ƙasar da ke da Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963 amma ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 zuwa tsakiyar shekarun 1980, da tuddan yashi na Yusufari a Jihar Yobe, da kwazazzaban Gombe, tana da wuraren da suka cancanci a riƙa ɗaukarsu daga wuri ɗaya shekara bayan shekara. Tauraron ɗan'adam na nuna su daga sama, amma hoton da aka ɗauka daga tsayin idon mutum shi ne manomi da ɗan majalisa za su duba su gane nan take, domin gani ya kori ji.

Abin da ake bukata kaɗan ne: a dasa alama a ƙasa inda aka kafa mazauni, a rubuta tsayin kyamara da tsawon gilashi da rana da sa'a, a adana hoton farko a wurin da za a same shi. Malaman jami'a da ma'aikatan gandun daji da masu ɗaukar hoto na gari duk za su iya. Wanda ya fara bana, nan da shekara 20 zai bar wa na baya abin da babu kuɗin da zai iya sayensa a lokacin.